Kwano Uku

Na yaye rufin ɗakina saboda waya ta ce na yi riba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ne, damina kuma ta ƙi. Na sayi raguna shida na turke. Ƙanena Sale, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ya sa mini wata manhaja mai bin dukiya a waya. Ban iya karatu ba, amma na san kore da ja. Kullum layin kore sai hawa yake.

Sale ya ce, "Yaya, akwai gurbin lanho, inda ake sa kuɗin haraji. Mu cika shi ka ga ribar gaskiya."

Na ce, "Na ga fari biyu ban mutu ba. Tikitin kasuwa ne zai kayar da ni? Bar shi."

Ana gobe kasuwa na sauke ciyawar ɗakin, na ƙone ta a gona. Matata ta tsaya da muciya a hannu.

"Maigida, a sayo kwanon rufin tukuna mana."

Na ce, "Kwano yana cikin waya."

A kasuwar Gidan Amumune ragunan suka sayu. Mai tikiti ya karɓi nasa kai-kai, dillali ya cire la'ada, takardar lanho ta biyo baya. Ribar da ta rage ta sayi kwano uku.

Bana Sale ya cika gurbin, raguna takwas suna turke. Da hadari ya taso, 'yan kabu-kabu masu babur sai su yi mini ihu, "Baba, shiga waya ka fake!" Ina nan ƙarƙashin kwano ukuna, ƙafafuna ne kawai ke jiƙewa.