Haladu Zai Ɗaga Babur

A garinmu akwai wani bawan Allah ana ce masa Haladu, wanda duk mai cin kasuwar Laraba ya san shi ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da za ka hango buhuna uku suna tahowa a kan babur, sai sun matso ka lura ashe akwai mutum a gabansu, ya ɗare kan tanki, haɓarsa tana leƙen fitila. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana dakon hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Duk mai wannan sana'a kuwa ya san sirrinta guda ɗaya ne: kayan da ke baya so suke su ɗaga gaban babur, kai kuma aikinka ka hana su. To Haladu ya iya hanawa. Ko a hawan gangaren rafi, inda wasu ke sauka su tura, tayarsa ta gaba ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba, kuma yana faɗar haka a ko'ina ko ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma wata al'ada tamu. Ranar da za a ɗauko amarya daga wani gari, masu babura su ne 'yan rakiya, kuma dole a sami mutum ɗaya da zai ja gaba, kowa ya bi bayansa. Ba a biyan mai jan gaba ko sisi, amma shi ake fara gani, shi ake fara yi wa guɗa, shi ake fara miƙa wa fura. Shekara goma sha biyar Haladu ne ke jan gaba. Ranar yakan tashi tun da safe ya wanke babur har da omo, ya ɗaura ƙyalle mai kala a jikin madubi, ya riƙa tafiya a hankali yana amsa gaisuwa da kai kamar wanda ya gina titin.

Ana nan sai wani saurayi mai suna Sagiru ya dawo daga birni da sabon salo. A bikin da aka yi bayan girbi, ana cikin tafiya, sai ga shi ya fito daga tsakiyar ayari a kan taya ɗaya, gaban babur yana kallon sama, ya wuce Haladu fuu! Mata suka ɗau guɗa, samari suka ɗaga wayoyi. Da aka isa, shi aka fara miƙa wa fura. Ranar furar da Haladu ya sha ba ta yi masa daɗi ba.

Sai ga bikin Tanimu ya taso, autan su Haladu, wanda Haladun ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Saura kwana tara, masu babura suka zauna a rumfarsu don shirya rakiya, a gaban shugabansu Baba Ɗanlasan, wani dattijo mai sanyin magana wanda ba a cika gane lokacin da yake wasa ba. Nan wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, gaskiya zamani ya canja. Yanzu mutane mai ɗaga babur suke son gani a gaba. A bar wa Sagiru kawai."

Haladu ya ji maganar har cikin ransa. Da bikin wani ne da ya haƙura, amma bikin Tanimu? A ce ƙaninsa na ciki ɗaya zai yi aure, shi yana can baya yana shaƙar hayaƙin yara? Kafin ya yi shawara da zuciyarsa, bakinsa ya riga ya tafi.

"Ɗaga babur ɗin me? Wannan har abu ne? Lokacin da na fara hawa babur, Sagiru ko rarrafe bai fara ba. Ƙyalewa kawai nake yi, amma da tsohuwar zuma ake magani."

Sagiru ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. Ai mu ma so muke mu gani mu ƙaru."

Baba Ɗanlasan ya ɓare goronsa, ya ce, "To abin ya zo da sauƙi. Ranar Alhamis bayan la'asar mu haɗu a filin bayan gari. Wanda ya kai babur daga bakin rijiya zuwa gindin dalbejiya a kan taya ɗaya, shi zai ja gaba ranar Asabar. Kowa ya ji?"

Kowa ya ce ya ji. Haladu ma ya ce ya ji, da murya mai ƙarfi, amma yana fita daga rumfar ya tuna bai taɓa ɗaga babur ba ko sau ɗaya. Baki shi kan yanka wuya.

Ba shi da wanda zai tona wa cikinsa sai Barau, ɗan gwaggonsa kuma abokin wasansa, wanda ya yi acaɓa a kudu shekaru da yawa kafin ya dawo gida ya buɗe wurin gyaran babura. Barau ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kwanta a kan benci ya yi dariya har da hawaye.

"Kai Haladu! Da furfurar taka?"

"Ka gama dariyar ka tashi mu tafi. Ba ni da lokaci."

Suka nufi wata tsohuwar hanyar shanu inda ba mai ganinsu. Barau ya yi masa bayani dalla-dalla. "Ka sa giya ɗaya. Ka riƙe kuloci, ka ba shi wuta. Sai ka saki kuloci gaba ɗaya, ka ja jikinka baya. Ƙafarka kuma kada ta bar birki, in ya yi sama da yawa ka ɗan taka. Shi ke nan fa, ba wani asiri."

Haladu ya ce ya gane. Ya sa giya, ya riƙe kuloci, ya ba shi wuta, ya saki. Babur ya zabura, gabansa ya fara sauƙi kamar zai tashi, sai kawai aka ga Haladu a kan tanki, ya kwanta a kan hannun babur ya danne shi da iyakar ƙarfinsa.

"Baya na ce maka! Baya!"

"Ai bayan na yi!"

"To wane ne wannan a kan tanki?"

Haladu ya duba, ya ga lallai shi ne. Wallahi bai san lokacin da ya je can ba. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka. Kansa ya yarda da maganar Barau ɗari bisa ɗari, amma jikinsa ya yi shekara ashirin yana koyon akasinta, kuma bai ga dalilin da zai sa ya saurari wani makanike ba. Da zarar taya ta yi niyyar barin ƙasa, sai mazaunansa su sulale gaba da kansu. Sabo turken wawa.

Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu Barau ya zo da dabara. Ya tsinko ƙarangiya cike da hula, ya baza ta a kan tanki, ya ɗaure da tsumma.

"Yanzu in ka ga dama ka zauna."

Haladu ya zauna. Ba sau ɗaya ba, sau huɗu. Ihun da ya yi a na ƙarshe har wata Bafulatana da ke wucewa sai da ta sauke ƙwaryarta ta tsaya kallo.

Da ya koma gida, matarsa Tasallah ta karɓi wandon ta zauna a tsakar gida tana cire ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin cirewa ta ce, "Malam, ni dai ban tambaye ka ba. Amma in gona ka saya, ka daina zama a cikinta."

Ya so ya yi mata faɗa, sai kuma ya fasa. Ya gaya mata gaskiya. Ta ce, "Yanzu saboda Allah, in ba ka ja gaba ba auren Tanimu ba zai ɗauru ba?"

"Ba za ki gane ba, Tasallah. Yaron nan ba shi da uba sai ni. In an shigo gari da amaryarsa, ni nake so a fara gani."

Ta kalle shi, tausayinsa ya kama ta, ta ce, "To Allah ya tsare. Amma ka tuna ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa da wuri."

Ranar Laraba yana kasuwa yana ɗaure wa wani buhun masara a kariyar bayan babur, sai ya tsaya cak da roba a hannu. Kai! Shi da ya fi kowa sanin abin da ke ɗaga gaban babur, me ya kai shi neman ilimi wurin Barau? Ga malamin nan a gabansa, an ɗinke masa baki da igiya. In ya ɗaure buhu guda can ƙarshen kariya, ko ya sulale gaba ai nauyin zai rinjaye shi. Ya garzaya ya gaya wa Barau.

Barau ya sosa ƙeya. "Tashi kam zai tashi. Amma totur ɗinka yana maƙalewa, in ka murɗa ka ba shi wuta ba ya dawowa, na sha gaya maka. Bari in gyara tukun."

"Bar shi haka, na san halin abina. Kada ka taɓa min shi ana gobe gwaji."

Ranar Alhamis bayan la'asar filin bayan gari ya cika, har da mai rake da mai gyaɗa, don labari ya riga ya zaga. Aka ajiye wa Baba Ɗanlasan kujera a gefe. Sagiru ne ya fara. Ya ɗaga babur tun daga bakin rijiya kamar wasa, yana tafe a miƙe, jama'a suna ihu. Ihun ne ya ɗebe shi. Ya saki hannu ɗaya don ya ɗaga wa 'yan kallo, sai gaban babur ya dire ƙasa, saura taku uku ya kai dalbejiya.

Baba Ɗanlasan ya ce, "Bai kai ba."

Farin ciki ya lulluɓe Haladu. Ya turo babur ɗinsa bakin rijiya, da buhun masara ɗaure tamau a can ƙarshen kariya. Sagiru ya ce, "Baba, ai wannan maguɗi ne!"

"Na ce kada a zo da kaya?"

"A'a."

"To zauna."

Haladu ya hau. Ya yi bismilla. Ya tuna da Tanimu, ya tuna da furar da ta wuce shi, ya ƙudurta a ransa yau ko sama za ta faɗo ba zai taɓa tankin nan ba. Ya sa giya, ya riƙe kuloci, ya murɗa totur har ƙarshe, ya saki. Kuma a karo na farko a rayuwarsa, jikinsa ya ji magana. Ya ja baya da dukan ƙarfinsa, buhu ma ya ja nasa.

Babur ya miƙe tsaye. Haladu ya ga sararin sama, ya ga wata shirwa tana shawagi, hannayensa suka suɓuce, ya zame ta gefen buhu ya zauna daɓas a cikin rairayi. Shi kuwa babur, da totur a maƙale da buhu a baya, bai ma san an rage masa fasinja ba. Ya ci gaba da tafiya a kan taya ɗaya, a miƙe, ba tangaɗi, har gindin dalbejiya. Can ya jingina da kututturen, ya yi tari sau biyu ya mutu.

Sai fili ya ɓarke da dariya. Barau yana durƙushe yana dukan ƙasa. Haladu ya miƙe ya kakkaɓe rairayi, ya taɓa ƙugu ya ji ba abin da ya karye, ya ɗingisa har gaban kujerar shugaba. Kunya tana cin sa, amma bai zo nan don ya koma hannu rabbana ba.

"Baba, a yi gaskiya. Babur ɗin wa ya tashi?"

"Naka."

"A kan taya nawa ya tafi?"

"Ɗaya."

"Ya kai dalbejiya ko bai kai ba?"

"Ya kai, har ya rungume ta."

Haladu ya juya ya dubi jama'a, ya buɗe hannuwa. "To kun ji da kunnenku. Wa zai ja gaba ranar Asabar?"

Baba Ɗanlasan ya gama tauna goronsa a natse, ya ce, "Magana ɗaya na yi: wanda ya kai babur, shi zai ja gaba. Kuma duk mun ga wanda ya kai shi. Sai dai ka taimaka, Haladu, ka ara wa buhun babbar rigarka."