Ranar da jan sa ya ja ni a ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da Baba ya kwanta jinya a Kano, gidan yayarmu. Ruwa ya sauka, kowa a Badafi ya fara huɗa, shanunmu biyu kuwa suna ɗaure a turke. Sai Baba ya aiko cewa zai sayar da su, tunda ba mai riƙe garma. Ni ina Tudun Wada ina gyaran waya, amma jin haka raina ya ɓaci. Shanun nan tun suna maruƙa Baba yake kiwonsu. Na kira shi na ce ai ga ni.

"Kai?" ya ce. "Hannun da ya saba da ƙananan kusoshi? To, ɗauko mini a wayar taka in gani. Gani ya kori ji."

Washegari na dira a gona da farar riga da hula (kar ku tambaye ni dalili, ni ma har yau ban sani ba). Wayar na ba Hajara, 'yar kawuna. Ka ba taubashiya ɗaukar hotonka, ai ka ba kura ajiyar nama.

"Injiniya, gyara hula," ta ce, "duniya za ta gani."

Da farko abin ya tafi daidai. Shanun horarru ne, ba sa neman mai ja. Na kama garma, ƙasa tana juyewa, har na fara ɗaga kai ina kallon waya ina murmushi. Muna tsakiyar gona ƙudan shanu ya ciji jan san. Ya zabura, ɗan'uwansa ya bi shi, ni kuwa sai ga ni rub da ciki ana ja na cikin taɓo. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, wando ya yage daga inda bai kamata ba. Kuma da bakina, ni mai gemu, na kwarma "Wayyo Inna!" har manoman gonar maƙwabta suka miƙe tsaye. Hajara ba ta ajiye wayar ba. Dariya take har hoton yana rawa.

Da shanun suka tsaya, na tashi na tofar da ƙasa, na ƙarasa layin, na juyo na yi wasu. Sannan na karɓe wayata na zauna gindin ɗorawa. A nan kam fagena ne. Na buɗe manhajar gyaran bidiyo, na ja hoton zuwa daidai inda jan sa ya fara kaɗa wutsiya, na danna almakashi. Na matsa gaba zuwa inda na dawo kan ƙafafuna, na sake dannawa. Na goge tsakiyar, na haɗa baki biyun. Sumul! Na tura wa Baba ina jin kaina.

Ko ruwa ban sha ba ya kira.

"Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"Da sauƙi. Kai, ina hularka?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na ga mutum da farar riga, ban ƙifta ido ba ta koma ja. Ga layin huɗa ya taho miƙe, sai ya yi gwiwa kamar lauje. Aljanu ne a gonar?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai ƙila wayar ce. Ya ce in huta, Hajara ta tura wa yayarmu cikakken tun kafin in karɓe wayar. (Ashe lokacin da nake ƙarasa sauran layukan aikin da take yi ke nan.) Ina jiyo yayarmu daga can tana kwaikwayon "Wayyo Inna".

Baba ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Wanda ka turo bai nuna mini komai ba, kowa ya iya bin sa mai lafiya. Wancan na duba. An ja ka da ciki, kana kiran uwarka, amma hannunka bai saki garma ba. Da ka saki, da bakin ƙarfen ya sari ƙafar jan san. Shanu sun zauna. Ka riƙe su."

Na miƙe da yagaggen wandona na yi wa Hajara gwalo. A daminar nan ni na huɗe gonarmu kaf, har na yi wa kawu tasa, masara kuma ta yi kyau. Har yau in na shiga Badafi sai wani ya ɗaga murya ya ce "Wayyo Inna", ni kuwa in ɗaga masa hannu kamar ɗan takara.

Yanzu in mutum ya kawo mini bidiyo shago ya ce in cire masa tsakiya, ina cirewa tsaf. Amma sai na fara tambayarsa ko yana da taubashiya, kuma ko ya tabbata ba wurin da ya fi yin abin kirki ba ne yake son in goge.