Ranar da Kawu Ya Yi wa Kwamfutata Fifita

Komai zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na tara mutane a ofishin daraktan wata lakwal, wato makaranta, a Dogon Dutsi na tsinka kaina da hannuna.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, inda na koyi zanen kayan ƙarfe a kwamfuta, irin zanen da in ka canza awo ɗaya sauran sassan ke biyo shi da kansu. Kaina ya kumbura ƙwarai. Kawu Ila, ƙanen mahaifiyata mai walda, shi ya ɗauki nauyin karatun, kuma yana neman aikin ƙera wa lakwal ɗin tebura masu haɗe da benci. Ya kwana biyu bai samu babban aiki ba, duk fatansa na kan wannan.

Malaminmu a Yamai kullum faɗa yake: a kafa zane a tsakiya, a ɗaure kowane layi, a gaya wa na'ura wannan ƙafar daidai take da waccan, kuma a bakin tebur za ta zauna duk tsawonsa. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne. Jan layi nake da ido, in ya yi kyau in wuce. (Kuma teburin ya yi kyau wallahi, har launin katako na sa masa.)

Ranar da muka kai wa darakta zanen teburin, na juya shi sama da ƙasa a kwamfuta, darakta da malamai biyu suna kallo, Kawu sai murmushi yake. Nan bakina ya ja mini. Na ce wa darakta da salon Faransanci, "Mushe, duk awon da kuke so ku faɗa, lamba ɗaya zan taɓa."

Darakta ya ce, "To madalla. Ɗiyanmu sun yi yawa, ƙara mishi tsawo ya ɗauki uku."

Na taɓa lambar. Saman teburin ya miƙe ya yi dama abinsa, ƙafafu huɗu suka tsaya cirko-cirko a hagu. Bencin ko motsi bai yi ba. Wani ƙarfe da ban ma tuna na zana shi ba ya fito ta tsakiyar katakon, daidai inda yaro zai aza littafi. Na yi maza na mai da tsohuwar lambar, sai ƙafa ɗaya ta juye ta dubi sama.

"Mi ya faru?" in ji Kawu a hankali.

Da mai hankali ne sai ya ce kuskurena ne, a ba ni zuwa gobe. Ni sai na ji bakina ya ce, "Zafi ne, Kawu. In ta yi zafi haka take yi."

Bawan Allah nan take ya cire hularsa ya shiga yi wa kwamfuta fifita. Darakta ya buɗe taga. Wata malama ta kawo kwali ta kama masa. Muka zauna jugum muna jiran na'ura ta huce, ni kuwa da na san lafiyarta lau, zufa har cikin takalmina. Kawu yana fifita yana tambayata, "Ta fara sanyi, ɗana?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan zaman ba.

Da na sake gwadawa, bencin ma ya ɓace gaba ɗaya. Darakta ya ce ba komai, za su yi shawara. Shawarar ta ƙare a wurin wani mai walda na Tibiri.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu bai zarge ni ba ko kaɗan. Ranar kasuwa sai ga shi da 'yar fanka mai caji a leda, ya ce, "Ungo, kada zafi ya sake ba ka kunya gaban mutane." A tsaye na karɓa, na kasa haɗa ido da shi. Sai da aka yi watanni na iya gaya masa gaskiya. Ya ce to ai fankar ba ta yi laifi ba, in riƙe.

Yanzu ko ƙusa zan zana sai na kafa ta a tsakiya na ɗaure kowane layi, sannan in ja awon gaba da baya ni kaɗai a ɗaki, in ga abin da zai tarwatse tun babu mai kallo. Na kuma gane cewa in za ka yi wa na'ura ƙarya, kada ka yi a gaban wanda ya yarda da kai, don shi zai je ya sayo mata magani.