Cokali Mai Yatsu Da Miyar Kuɓewa

Jama'a, ranar Talata na wuni da yunwa a gidana, alhali an tuƙa tuwo, kuma ba faɗa muka yi da matata Hure ba. Ilimi ne ya shigo mana.

'Yata Aina'u ke shirin jarrabawar darasin kula da gida. Masu girma, Allah ya ƙara wa wuyansu kauri, sun yi wa makarantarsu alkawarin ɗakin girki na zamani, kuma sun cika. An yanke ƙyalle, an yi tafi, an ɗauki hoto. Sai motar da ta kawo kayan ta juya da abinta, wai ana jira a ƙaddamar da su a gari na gaba. Abin da ya faɗo daga motar shi ne rabonmu: cokali mai yatsu guda ɗaya. Shi 'yan ajin ke karɓa-karɓa, ran nan girkin Aina'u ne.

Ta kife turmi, ta ɗora faifai, wai tebur ke nan, ni ne babban baƙo.

"Baba, ba a sa hannu."

"To da me zan ci, da addu'a?"

Miyar kuɓewa ce fa. In na ɗebo, kafin ta iso baki ta koma gida. Maƙwabcina Ɗanliti ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, ci kake ko tsefe tuwon kake?"

Haushi ya sa na kai wa ganda suka, yatsan cokalin ɗaya ya lanƙwashe. Aina'u ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan, Malama za ta kayar da ni!"

Na garzaya wurin Basiru maƙeri na ce ya gyara, na wuce masallaci. Na dawo na tarar ya toshe tsagogin duka da dalma. Har da yi min faɗa: "Wa ya sayar maka da cokali mai yoyo?"

Aina'u ta daina gaishe ni. Ranar jarrabawa ta fita kamar mai zuwa gaban alƙali. Ashe mai girma mai duba jarrabawar ba zai zo ba, wai motar ofis ba mai. Daga birni ya aiko da sakamako. Kowa ya ci, Aina'u har da yabo kan iya riƙe cokali. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nasu idon ko bai zo ba ya sani.

Malama kuwa ta jujjuya cokalin, ta ce a tambayar mata Basiru ko yana duba rufin aji.