Yadda Za Ki Kwaso Digirin Injiniya a Samaru da Yatsunki Goma

Ke da kika zaɓi karatun ƙera injuna don kawai kin ci lissafi a sakandare, matso kusa. Bi matakan nan yadda na jera su, ni na ɗaukar miki alkawari sai kin sa hula mai geza kin yi hoto. Ba a kan ɓera na gwada su ba. A kan mutum ne, Naila 'yar Malam Uba ta Jushi, kuma tana nan da ranta.

Mataki na ɗaya: Daina yi wa dangi bayani

Ranar da Naila ta samu gurbi a jami'a, Malam Uba ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar cewa 'yarsa ta zama injiniya. Kafin la'asar zaurensu ya cika da matattun fankoki, keken ɗinki, da rediyon wani dattijo da ta daina magana tun mulkin soja.

"Baba, ko aji ban shiga ba fa," in ji Naila.

"To ki fara da waɗannan, ki riga 'yan ajinku."

In hakan ta same ki, kada ki ce ba ki iya ba. Dafa abin, kasa kunne, girgiza kai, ki ce, "Sai an buɗe." Babu mai yarda ki buɗe masa kaya. Kowa zai kwashi nasa, ya tafi yana yabon iliminki.

Mataki na biyu: Sayi doguwar rular zane

Ki rataya ta a baya duk inda za ki. A cikin keke tana tsokale wa fasinja ido, amma da ya ji wane sashe kike, shi zai ba ki haƙuri. Masana sun tabbatar rabin injiniyanci rula ne, sauran rabin kuma ɗaure fuska.

Mataki na uku: Faɗi jarrabawa da wuri

An ce miki shekara biyar ake yi. Wanda ya faɗa miki bai sa yajin aiki a lissafi ba, bai kuma haɗu da darasin zafi da tururi ba. Wannan darasi ya kayar da Naila. Ta ga sakamako a allo, ta zagaya bayan aji ta yi kukanta, ta share fuska da gefen mayafi, ta je ta sayi awara. Ki yi koyi da ita, a wannan jerin.

Tana shirin maimaitawa aka rufe makaranta. Gwaggo Zubaidatu, ƙanwar babanta mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ta ga ƙatuwar budurwa na zaman banza, ta tura mata buhun gyaɗa.

"Injiniya, ɓare mini. Ko shi ma sai an buɗe?"

Naila ta ɓare gyaɗa har manyan yatsunta suka yi kanta. A kan tabarmar nan ta rantse aikinta na shekarar ƙarshe injin ɓarar gyaɗa ne, ko da shi ne ajalinta.

Mataki na huɗu: Zaɓi abokin aiki mai auki

Aikin ƙarshe bibbiyu ake yi. Kowa zai ruga wajen masu ƙwaƙwalwa. Ke ki duba ƙira. Naila ta samu Sati, ɗan Zonkwa, mai kaɗa ganga a cocinsu da ke Samaru, wanda in ya shiga keke direba kan ce an cika. Lissafinsa daidai gwargwado ne, amma shi kaɗai yake ɗaga injin.

Matsalarsa ɗaya ce: yana cinye kayan gwaji.

"Sati, ina gyaɗar da muka auna?"

"Na duba ingancinta ne. Tana da kyau."

Mataki na biyar: Kai wa mai walda zane, ki yi addu'a

Sun kai zanensu Sabon Gari. Mai walda ya karɓi takardar, ya riƙe ta a kife, ya ce ya gane. Naila ta nuna masa awon sandar ƙarfen da za ta riƙa juyawa a ciki. Ya ce, "Hajiya, mu da ido muke awo."

Idon nasa ya ɗan karkace. Da suka kunna injin a makaranta, gyaɗa dai ya ɓare ta tas, sai dai yana ɓarewa yana tafiya. Ya yi ta karkarwa yana jan ƙafa har ya je ya tokari bango. Ga ranar kare aiki a gaban malamai ta ƙarato, ga farfesa baƙo an ɗauko daga wata jami'a, wanda aka ce bara ya mayar da rabin aji baya. Faɗuwa na nufin ƙarin shekara, alhali Malam Uba ya riga ya ɗinka babbar rigar bikin yaye ɗalibai.

Naila ta zauna a ƙasa ta dubi injin. Ta dubi Sati. Ta sake duban injin.

"A'a," in ji Sati. "Naila, ina da iyaye."

Mataki na shida: Duk abin da ya faru, ki ce da gangan ne

Ranar ta zo. Farfesa ya zauna, malamai sun jeru a bayansa. Sati ya haye kan injin cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rungume hannu. Naila ta yi bisimilla ta kunna. Gyaɗa ta fara zubowa fes ta wannan gefe, ɓawo ta wancan. Injin bai motsa ba. Kumatun Sati ne kawai ke rawa.

Farfesa ya sauke tabarau. "Wannan bawan Allah yana cikin zanen?"

"Nauyin da ke danne girgiza ne, ranka ya daɗe."

"Wato duk wadda ta sayi injin, za a haɗa mata da Sati ɗaya?"

Malamai suka tuntsire. Shi bai yi dariya ba. Ya ce Sati ya sauka. Injin ya kama hanya, kai tsaye wajen teburin Farfesa, har sai da Naila ta fizge waya daga bango.

"Me ya sa yake tafiya?"

A nan kam rula ba za ta cece ki ba. Naila ta ɗauki alli. Ta zana sandar, ta nuna inda nauyi ya rinjaya gefe guda, ta lissafa ƙarfin da ke jijjiga injin a kowane juyi, ta faɗi girman ƙarfen da za a liƙa a ɗaya gefen ya daidaita. Ba ta san duk wannan yana kanta ba sai da ta ji shi yana fitowa.

Farfesa ya daɗe yana kallon allo. Ya miƙa hannu ya ɗebi gyaɗa, ya watsa a baki.

"Lissafin daidai ne, injiniya. Je ki liƙa ƙarfen, ki bar yaron mutane ya huta."

Mataki na bakwai: Ki fita kafin ya canza ra'ayi

Naila ba ta tsaya ko tattara alli ba. A bakin ƙofa ta kira gida. Malam Uba ya yi ta hamdala. Gwaggo ta karɓe wayar.

"Madalla. Yaushe za a kawo mini injina? Kuma sauran gyaɗata a dawo da ita."

Sanarwa: mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, ko fanka bai taɓa buɗewa ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta faɗi, ko mai walda ya auna mata da ido, ko injinta ya ture farfesa, babu hannuna babu ƙafata. In naki injin ya kama hanya, ki bi shi da kanki. Sati ya tafi bautar ƙasa, ya kuma canza lamba.