Kishina da Aljanin Littafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka danne ni a tsakar gidan surukaina aka yi mini ruƙiyya ba, alhali lafiyata ƙalau. Kishi ne ya kai ni. Wanda nake kishi da shi kuwa ko mutum ba ne, aljani ne, aljanin ma na cikin littafi.

Ni labule nake sayarwa a kasuwar Wuse, muna zaune a Lugbe da matata Rabi da 'yarmu Amira. Ban taɓa ganin Rabi tana yi wa waya murmushi ba sai da ta shiga wani guruf na mata inda ake turo littattafan nan na manya. Rannan ta shiga wanka ta bar wayar a buɗe, ni kuwa na duba (na san bai dace ba, kada ku fara mini wa'azi). Labarin wani Yarima Darzaman ne, ɗan sarkin aljanu, da ya ɗauke wata ma'aikaciyar banki ya kai ta fadarsa a ƙarƙashin dutse yana juya ta son ransa. Ba ya roƙo, ba ya lallashi, umarni kawai. Abin da ke ciki ba ya maimaituwa. Sau biyu na yi a'uziyya, sannan na ci gaba da karantawa. Amma abin da ya soke ni shi ne abin da Rabi ta rubuta a ƙasa: "Namiji kenan. Yana magana ƙasa na rawa."

Namiji kenan. To ni mene ne? Ni da muryata siririya ce, in na kira sabuwar lamba sai a ce "Hajiya, wa ke magana?" Wallahi na ji zafi, zafin da ban taɓa ji a kan wani ɗan'adam ba.

Na tura wa kaina littafin, na goge shaida. Sati biyu ina karanta shi a shago, wayar a ɓoye cikin ninkin labule. Na tsani Darzaman tsana mai tsanani, amma na haddace maganganunsa tsaf. In goslo ya riƙe ni a hanyar filin jirgi sai in ɗaga gilashi in yi ta gwada kaurara murya.

Ana haka bikin ƙanwar Rabi ya taso a Abaji, gidan Gwaggo Asabe da ta riƙe su. Bayan la'asar na so mu kama hanya, na kira Rabi sau huɗu ba ta ɗauka ba. Na leƙa daga zaure, sai na hango ta cikin ƙawayenta, kawunansu a haɗe kan waya ɗaya suna ƙyalƙyala dariya. Ba sai an faɗa mini wanda suke karantawa ba. Zuciya ta ɗebe ni, na kutsa cikin mata ba ko sallama. Hayaƙin girki ya riga ya mai da idanuna jajur. Na tsaya a kanta, na ciro murya tun daga cibiya na ce, "Idan na yi kira, duwatsu ma amsawa suke. Ke mallakina ce. Taso."

Gwaggo Asabe ta saki ludayin hannunta ta ce, "Innalillahi. Wannan ba muryar Baban Amira ba ce, iska ce. Ku riƙe shi."

Kafin in yi tari yayyen Rabi biyu sun kai ni ƙasa, ɗaya ya zauna a ƙafafuna. Limamin da ya ɗaura auren bai tafi ba, yana zaure yana cin shinkafa, aka kirawo shi da maiƙo a hannu. A nan kwance na yi lissafi. Ko dai in faɗi gaskiya, cewa ni magidanci da gemuna ina karanta littafin batsa na mata a ɓoye, ko in bar su a kan aljanu ne. Na zaɓi aljanu (ai lalura ba abin kunya ba ce). Na shiga birgima ina gurnani, har da kafe ido.

Malam ya kama kaina ya yi ta karatu a kunnena. Can ya daka tsawa ya ce, "Kai wane ne? Faɗi sunanka."

Duk sunayen duniya suka gudu daga kaina, ɗaya tak ya rage. Na ce, "Darzaman."

Hadiza, aminiyar Rabi, ita ta fara fashewa da dariya, sauran suka biyo baya, wata har da faɗuwa kan tabarma. Malam ya ɗago ya ce, "Kun san shi ne?"

Hadiza ta ce, "Malam, ai na littafi ne. Abin da ya faɗa ɗazu ma a babi na tara yake, ya dai tsallake layi ɗaya."

Malam ya tambaya ko littafin malamai ne, matan suka sake fashewa da dariya. Ya dube ni, na dube shi. Ya saki kaina a hankali ya ce, "Tashi, bawan Allah. Wannan ba aikina ba ne." Rabi kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Muka kama hanyar gida a mota har muka wuce Gwagwalada. Sannan Rabi ta ce, "Baban Amira, da Darzaman zai shigo mini gida da wannan iko, da taɓarya zan fitar da shi. A waya kawai yake da daɗi." Na ji sanyi a raina, ban dai nuna ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma har ina ka kai a littafin? Kada ka ba ni labarin ƙarshen."

Abin da na koya shi ne, aljanin littafi zai faɗi abin da ya ga dama ya kwana lafiya, domin ba shi da surukai. Ni ina da su, kuma har yau in na je Abaji sai Gwaggo Asabe ta tofa mini addu'a kafin ta amsa gaisuwata.