Ranar da na kai rabin ordinatar Maradi

Bayan sadakar arba'in ɗin yayana Isuhu, shagonsa na buga takardu a Madarumfa ya koma hannun matarsa Rabi, da shi take ciyar da yara. Sai dai tsohuwar ordinatar shagon, wato kwamfuta, ba ta iya buɗe faifan disket ɗin da ma'aikata ke kawowa, aka ce sai an sa mata sabon sistem. Mai gyara a Maradi ya ce a kawo ta ya duba ƙwaƙwalwarta: in samfurin 486 ce za ta ɗauka, in 386 ce a haƙura.

Na ce wa Rabi, "Kwantar da hankalinki, na taɓa gyara rediyo."

Na naɗe ekran, wato allon da ke nuna rubutu, da bargo, na biya masa kujera guda a mota. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur kuwa na bar shi, don na ɗauka na daidaita wuta ne.

Mai gyara ya buɗe bargon ya ce, "Malam, ina ordinatar?"

"Ga ta gabanka."

"Wannan ai fuska ce. Ƙwaƙwalwar tana cikin akwati."

Da na ba Rabi labari, ta yi dariya har ta dafa bango. Rabonta da dariya tun kafin Yaya ya kwanta ciwo. Washegari na kai akwatin, aka tarar 486 ce, shago ya ci gaba.

Har yau in na shiga tasha, direbobi kan ce, "Injiniya, kai kaɗai ne, ko da fasinjanka mai bargo?"